Idan Kwamfutoci Suka Saɓa a Kan Yanayin Mako Mai Zuwa

A ranar 22 ga Oktoba 2012 wata guguwa ta fara haɗuwa a kudancin Tekun Karibiyan, aka raɗa mata suna Sandy. Ba a jima ba ma'aikatan hasashen yanayi a gabashin Amurka suka tsinci kansu gaban taswirori biyu masu ƙaryata juna. Wadda kwamfutar ƙasarsu ta fitar ta nuna guguwar za ta haura arewa, ta karkata dama, ta je ta mace a tsakiyar Atlantika, kamar yadda irinta suka saba yi a ƙarshen shekara. Wadda ta fito daga cibiyar hasashe ta ƙasashen Turai kuwa ta zo da abin da ba a cika gani ba: guguwar za ta sha kwana hagu ta afka wa gaɓar Amurka kusa da New York. A lokacin saura kusan mako guda.

Ranar 29 ga wata da daddare Sandy ta sauka a gaɓar jihar New Jersey, ta hanyar da hasashen Turai ya zana mata. Ruwan teku ya cika ramukan jiragen ƙarƙashin ƙasa na New York, kasuwar hannun jari ta yi kwana biyu a rufe, mutane sama da 100 suka rasu a Amurka, asarar dukiya ta kai kimanin dala biliyan 65. Injin Amurka ya dawo hanya daga baya, amma sai da kwanaki suka ƙure. Abin ya zama abin kunya har gaban majalisar dokoki, wadda a 2013 ta ware wa hukumar yanayi kuɗin ƙara ƙarfin kwamfutocinta.

Darasin da jama'a suka ɗauka daga nan gajere ne: na Turai ya fi, a bi shi kawai. Akwai gaskiya a ciki, amma ba duka ba. Wanda ya san aikin ba ya tambayar wane inji zai bi. Yana duba inda suka haɗu da inda suka rabu, domin saɓanin da kansa labari ne, kuma sau da yawa shi ne labari mafi amfani da za a iya samu game da mako mai zuwa.

Abin da ake kira injin hasashe ba ƙarfe ba ne, lissafi ne mai tsawo da ake gudanarwa a cikin babbar kwamfuta. Ana yanka sararin samaniyar duniya gida-gida kamar gidajen dara, sai dai a nan gidajen suna hawa kan juna daga doron ƙasa har can ƙololuwa. A kowane gida ana rubuta zafi, da danshi, da matsin iska, da inda iska ta nufa da saurinta. Daga nan a sa dokokin kimiyyar motsi da na zafi su faɗi yadda kowane gida zai sauya bayan 'yan mintuna, a ɗauki amsar a sake lissafi, haka dai har a kai kwana goma ko sha biyar. Injin cibiyar Turai, wadda aka fi sani da ECMWF, yana aiki da gidaje masu faɗin kusan kilomita 9 da hawa 137. An kafa cibiyar a 1975, hedikwatarta na garin Reading a Ingila, babbar kwamfutarta kuma yanzu tana Bologna ta Italiya. Na Amurka, GFS, gidajensa sun kai kusan kilomita 13, yana fita sau huɗu a rana, yana kuma leƙawa har kwana 16. Bayan su akwai na hukumar yanayin Birtaniya da ke Exeter, da ICON na Jamus, da GEM na Kanada, da na Japan.

Tunanin ya girmi kwamfuta. Lewis Fry Richardson, Baturen Ingila da ya yi tuƙin motar ɗaukar marasa lafiya a Faransa lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya zauna da alƙalami ya lissafa hasashen awa shida kacal na ranar 20 ga Mayu 1910, aikin da ya cinye masa makonni. Amsar ta ce matsin iska zai tashi da milibar 145, alhali a zahiri da ƙyar ya motsa. Duk da haka ya buga aikin a 1922, har ya ƙiyasta cewa sai an tara masu lissafi 64,000 a zaure guda kafin a iya tsere da yanayin duniya. Sai a 1950 kwamfutar ENIAC ta yi hasashen farko, inda ta ɗauki kusan yini da kwana tana lissafa yanayin yini da kwana.

To, tun da dokokin kimiyya ɗaya ne a Reading da Washington, me ke kawo saɓani?

Babban dalili shi ne babu wanda ya san yanayin yau ɗin kansa daidai. Sau biyu a rana, ƙarfe ɗaya na dare da ɗaya na rana agogon Najeriya da Nijar, ɗaruruwan tashoshi a faɗin duniya suna sakin balan-balan ɗauke da ƙaramar na'ura da ke auna zafi da danshi da iska tana hawa. Jiragen sama na fasinja suna aiko da awo, haka jiragen ruwa da na'urorin da ke shawagi a teku, sannan ga taurarin ɗan'adam da ke kawo mafi yawan bayanan. Duk da miliyoyin awon nan, akwai gurabe manya, musamman a kan teku da hamada. Dole kowace cibiya ta cike guraben da dabararta: ta ɗauki hasashenta na baya ta gyara shi da sabon awo har ta samu hoton da za ta fara lissafi da shi. A nan ne cibiyar Turai ta daɗe da yi wa saura zarra, tun 1997 da ta soma wata hanya mai tsada wadda ke sanya kowane awo a daidai lokacin da aka ɗauke shi. Bayan Sandy masu bincikenta sun sake gudanar da hasashen ba tare da bayanan taurarin da ke zagaya duniya ta ƙuryar arewa da kudu ba, sai ga injin nasu shi ma ya kauce hanya da ɗaruruwan kilomita.

Sai kuma abubuwan da suka yi ƙanƙanta da gidajen. Hadari guda mai tsawa faɗinsa bai wuce 'yan kilomita ba, don haka inji ba ya ganinsa sosai, sai dai ya ƙiyasta tasirinsa ta wata ƙa'ida da masana suka tsara. Kowace cibiya da irin tata ƙa'idar. Wani bincike da aka buga a 2014 ya nuna cewa wannan bambanci na yadda ake ƙiyasta hadari ya taka rawa sosai wajen raba hanyar Sandy tsakanin na Amurka da na Turai.

Da a ce ƙaramin kuskure yana zama ƙarami, da da sauƙi. A 1961 Edward Lorenz, masani a jami'ar MIT, yana son maimaita wani lissafi a ƙaramar kwamfutarsa, sai ya shigar da 0.506 a maimakon 0.506127 don rage aiki. Da farko sakamakon biyu suna tafiya tare, can sai suka rabu har ba su kama da juna ko kaɗan. Abin da ya gano shi ne sararin samaniya yana ninka kuskure, kuma ko da awo ya inganta yaya, akwai iyakar da hasashen rana takamaimai ba zai wuce ba, kusan mako biyu. Kwana bakwai yana tsakiyar wannan tafiya ne. Ya yi nisan da kuskure ya riga ya girma, bai kuma yi nisan da za a ce hasashen ba shi da amfani ba. Shi ya sa gardamar injina ta fi zafi a kansa.

Kaka kuma tana ƙara wa abin gishiri. Daga Satumba rana tana janyewa daga ƙuryar arewa, yankin ƙanƙara yana sanyaya da sauri, alhali tekunan kudu suna riƙe da zafin da suka tara tun bazara. Tazarar zafi tsakanin ɓangarorin biyu ita ce abincin wani kogin iska da ke gudana daga yamma zuwa gabas, kimanin kilomita 10 sama da ƙasa, wanda saurinsa kan haura kilomita 250 a awa. Wannan kogi shi ke haifar da guguwoyin Turai da Amurka ta Arewa, shi ke tuƙa su. Ba ya tafiya miƙe, yana lanƙwasa yana miƙewa, kuma inda lanƙwasar ta faɗa shi ke yanke hukuncin ko Landan za ta sha ruwa ranar Asabar ko za ta ga rana.

A daidai wannan lokaci ne kuma mahaukatan guguwoyin teku ke tashe, domin kakarsu a Atlantika tana kaiwa ƙololuwa wajen 10 ga Satumba, ba ta rufewa sai ƙarshen Nuwamba. Idan ɗaya daga cikinsu ta haura arewa ta ci karo da kogin iskan, takan tura masa ɗimbin iska mai zafi da danshi, kogin ya lanƙwashe, lanƙwasar ta yi ta gudu gabas fiye da guguwar kanta. Idan inji ya yi kuskuren rabin yini a lokacin haɗuwar, bayan kwana biyar kuskuren ya zama bambancin yanayi gaba ɗaya a wata nahiya. A farkon Nuwamba 2014 guguwar Nuri ta wuce gabashin Japan, ragowarta ta rikiɗe ta zama ɗaya daga cikin mafi ƙarfin guguwoyin da aka taɓa aunawa a Tekun Bering, sannan 'yan kwanaki bayan haka sanyi mai ratsa ƙashi ya gangaro tsakiyar Amurka tun hunturu bai kama ba. A Oktoba 2017 guguwar Ophelia ta taso daga wajen tsibiran Azores ta daki Ireland ranar 16 ga wata, ta kashe mutum uku, ta kuma janyo ƙurar Sahara da hayaƙin gobarar dajin Portugal da Sifaniya har rana ta yi ja a Ingila da tsakar rana.

Wannan rana ta 16 ga Oktoba ta zo daidai da cikar shekara 30 da abin da har yau Turawan Ingila ba su manta wa masu hasashensu ba. A daren 15 wayewar 16 ga Oktoba 1987 guguwa ta ratsa kudancin Ingila, ta kashe mutum 18, ta tumɓuke bishiyoyi kimanin miliyan 15. Da ranar 15 ɗin Michael Fish na BBC ya shaida wa masu kallo cewa babu wata mahaukaciyar guguwa da ke tafe, ko da yake ya ce za a yi iska sosai. Abin da ba a cika tunawa ba shi ne hasashen farkon makon ya fi kusa da gaskiya: tun ranar Lahadi an gargaɗi manoma cewa Alhamis ko Juma'a za ta yi muni. Da ranar ta matso sai lissafin ya riƙa rage abin, saboda guguwar tana ƙarfafa ne a kan Tekun Biscay inda awo ya yi ƙaranci. Wato sabon hasashe ba lallai ya fi na jiya ba. Haka kuma inji guda da ke ba da amsa guda ba shi da hanyar cewa yana shakka.

Maganin da aka samo ya fara aiki a Disamba 1992, a Turai da Amurka kusan lokaci guda. Maimakon a gudanar da inji sau ɗaya, sai a gudanar da shi sau da yawa, kowane karo a ɗan taɓa yanayin farawa da gangan, gwargwadon shakkar da ke cikin awo. Abin da ke fitowa ayari ne na hasashe: na Turai yana da mambobi 51, na Amurka 31. Idan aka zana su duka a taswira guda, layukan kwana na farko da na biyu suna kwanciya kan juna kamar layi ɗaya, daga nan su fara warwatsuwa, har masu aikin suna kiran hoton taswirar taliya. Wani makon ayarin yana tafiya a dunƙule har kwana takwas, wani makon kuwa tun kwana huɗu kowa ya kama gabansa. Bambancin nan ba laifin kwamfuta ba ne. Akwai makonnin da sararin samaniya da kansa yake da sauƙin hasashe, akwai waɗanda ba haka ba.

Ga yadda aikin yake a teburin mai hasashe da safiyar Litinin. Yana son sanin Asabar. Na Turai ya ajiye cibiyar guguwa a yammacin Scotland, na Amurka ya kai ta gaɓar Faransa, na Jamus bai ma nuna ta da ƙarfi ba. Ba zai ƙirga ƙuri'a ya ce biyu sun rinjayi ɗaya ba. Zai buɗe ayarin Turai ya ga yadda mambobin suka kasu, a ce kashi biyu cikin uku sun bi arewa, saura sun bi kudu, sannan ya duba ko babban hasashen yana tsakiyar ayarinsa ko ya ware gefe shi kaɗai. Zai koma kan abin da injinan suka faɗa jiya da shekaranjiya, ya ga wanda ya tsaya kan magana ɗaya da wanda ke tsalle. Mafi muhimmanci, zai bi saɓanin baya har ya gano tushensa, watakila wata guguwa ce kusa da Bermuda da injinan ba su yarda da ranar da za ta juya ba. Da ya gano haka ya san abin da zai sa wa ido gobe, ya kuma san ranar da ƙurar za ta lafa. Abin da zai gaya wa jama'a shi ne ƙarshen mako zai zo da iska da ruwa, amma inda abin zai fi ƙamari bai tabbata ba tukuna. Masu sauraro kan ɗauki irin wannan magana a matsayin kame-kame, alhali ita ce mafi daidai da za a iya faɗa a ranar.

Wannan ba ya nufin injinan duk ɗaya suke. Ana auna su kullum da ma'auni guda, wato yadda suka hango tsarin iska a tsayin kusan kilomita biyar da rabi, kuma shekara da shekaru na Turai ke kan gaba, na Birtaniya galibi yana biye, na Amurka a bayansu. Dukansu kuma suna ci gaba, da kusan kwana guda a kowace shekara goma, ta yadda hasashen kwana shida na yau ya kai ingancin na kwana biyar na shekara goma da suka wuce. A ƙarshen Satumba 2015 na Turai ya sake cin gasa a kan guguwar Joaquin, amma a wannan karo akasin Sandy: sauran sun ce za ta sauka a gaɓar Amurka, shi ya ce teku za ta nufa, kuma teku ta nufa. Sai dai a Janairun 2015 ɗin an bi shi an sha ƙasa. Ya nuna dusar ƙanƙara mai tarin yawa za ta rufe New York, aka dakatar da jiragen ƙarƙashin ƙasa, aka hana motoci fita, sai abin da ya sauka a tsakiyar birnin bai wuce santimita 25 ba, mafi nauyin ya faɗa can gabas, kusa da inda na Amurka ya nuna. Fifikon na Turai fifiko ne na jimilla, ba alkawari ba ne a kan kowace guguwa. Shi ya sa cibiyar lura da guguwa ta Amurka da ke Miami take dogara da matsakaicin injina da yawa, wanda bisa ƙididdigar shekaru yana da wuyar kayarwa.

Inda abin ya fi ɓaci shi ne tsakanin inji da wayar hannu. Galibin manhajojin yanayi suna ɗaukar lambobi kai tsaye daga inji, su mayar da su hoton rana ko na gajimare, babu alamar ko ayarin ya dunƙule ko ya watse. Wanda ya ga hoton ruwa a kan Asabar da safe, da yamma ya ga rana, sai ya ce masu hasashe ba su san abin da suke yi ba, alhali babu ɗan'adam ɗin da ya taɓa wannan hoton. Manhajoji irin su Windy sun ɗan yi adalci, tun da suna barin mutum ya jera ECMWF da GFS da ICON ya kwatanta. Sai kuma masu neman a kalle su. Da yake bayanan GFS kyauta ne kuma yana kaiwa awa 384, ba a rasa wanda zai tsinto taswira ɗaya mai ban tsoro daga kwana na 15 ya baza a Facebook, wasu jaridun Birtaniya ma kusan kowace kaka sai sun yi kanun dusar ƙanƙara da irin wannan. Bayan awa shida sabon lissafi ya share ta, amma ba wanda ke buga labarin sharewar.

Tun 2023 sababbin 'yan takara sun shigo fili. Pangu-Weather na Huawei da GraphCast na Google DeepMind ba sa warware dokokin kimiyya mataki-mataki. An horar da su ne da tarihin yanayin duniya na kusan shekara arba'in, suka koyi yadda yau ke haifar da gobe. GraphCast yana fitar da hasashen kwana goma cikin abin da bai kai minti guda ba, aikin da ke cin babbar kwamfuta lokaci mai tsawo. A Satumba 2023 ya nuna guguwar Lee za ta sauka a Nova Scotia ta Kanada tun saura kusan kwana tara, kafin injinan da aka saba su tsaya kan wannan amsa. Ita ma cibiyar Turai ba ta tsaya kallo ba, a Fabrairu 2025 ta fara gudanar da nata mai ƙirƙirarriyar basira, AIFS, gefe da gefe da tsohon.

Sai dai a yi hattara da ɗokin. Guguwar Ciarán da ta daki arewa maso yammacin Faransa a daren 1 ga Nuwamba 2023 ta zo da iskar da ta kai kilomita 207 a awa a Pointe du Raz, ta bar gidaje sama da miliyan guda babu wuta. Da masu bincike na Jami'ar Reading suka gwada sababbin injinan a kanta, sun ga sun kama hanyarta da saurin ƙarfafarta, amma sun rage ƙarfin iskar da ke tsakiyar ɓarnar. Ga mai yanke shawarar rufe gada ko dakatar da jirgin ƙasa, wannan lambar ita ce komai. Banda haka, tarihin da suka koya da shi da hoton yanayin yau da suke farawa da shi duk daga tsohon tsarin suke fitowa. Idan injina uku masu ƙirƙirarriyar basira suka yarda da juna, a tuna cewa malaminsu ɗaya ne, don haka yardarsu ba ta kai nauyin shaidu uku ba.

Wani lokaci kuma injinan sun yi nasu, matsalar tana wani wuri. Kwanaki kafin 29 ga Oktoba 2024 hasashe ya nuna wani dunƙulen iska mai sanyi zai ware daga kogin iskan ya tsaya kusa da Sifaniya, ya riƙa zuƙo danshi daga Bahar Rum mai ɗumi. Inda ruwan zai fi zuba ne ba a iya nunawa da yatsa daga nesa ba. Hukumar yanayin ƙasar ta ɗaga jan gargaɗi ga yankin Valencia tun da safe, a garin Turís aka auna ruwa sama da milimita 770 a ranar, amma saƙon gaggawa bai shiga wayoyin mutane ba sai bayan ƙarfe takwas na dare, lokacin da ruwa ya riga ya ci unguwanni. Mutane sama da 200 suka mutu.

Mai karatu a Kano ko Maraɗi na iya ganin duk wannan rigimar Turawa ce, amma igiyar ta ratso ta ƙofar gidansa. Hadarin da ke tasowa daga gabas da damina, wanda ke zuwa duk bayan kwana uku zuwa biyar, yana tafiya ne tare da wasu raƙuman iska da ke ratsa Sahel zuwa yamma. Idan suka fita teku ta wajen Senegal, wasunsu kan zama tsaban guguwa, kuma yawancin manyan guguwoyin Atlantika daga nan asalinsu yake. Ita kanta Sandy an bi sawunta zuwa wani raƙumin iska da ya bar gaɓar Afirka ta Yamma ranar 11 ga Oktoba. Taswirorin injinan nan kuma su ne a gaban ma'aikatan hukumar yanayi ta NiMet a Abuja da na cibiyar yanayi ta ACMAD a Yamai, su ne kuma a bayan hoton gajimaren da ke cikin wayar manomin da ya baza gyaɗa ko wake yana fargabar ruwan ƙarshe.

A nan ne dai ya kamata a fi taka tsantsan. Injinan sun fi gwaninta a ƙasashen sanyi, inda manyan tsare-tsaren iska masu faɗin dubban kilomita ke juya yanayi. Ruwan Sahel kuwa daga hadari yake zuwa, wato daidai abin da injinan ke ƙiyastawa ba tare da sun gan shi ba. Wani bincike da masana a Jamus suka buga a 2018 ya auna hasashen ruwan sama na manyan cibiyoyi tara a arewacin Afirka mai zafi, ya gano cewa lambobin da ke fitowa kai tsaye daga inji ba su ma kai ƙiyasin da aka gina kan tarihin ruwan wurin ba, ko bayan an gyara su kuma da ƙyar suka kamo shi. Manyan abubuwa, irin su janyewar iskar damina zuwa kudu ko tasowar ƙurar hunturu daga Bodele ta Chadi, sun fi kamuwa. Amma hoton ruwa a kan ranar Laraba mai zuwa ga wani ƙauye takamaimai, ko da injina uku sun yarda da shi, bai kai a jinkirta girbi dominsa ba, rashinsa ma bai kai a bar hatsi a fili ba.

Wani ɓangare na raunin daga ƙarancin awo yake. Hukumar Yanayi ta Duniya ta sha faɗa cewa tashoshin ƙasa a Afirka ba su wuce kashi ɗaya cikin takwas na abin da ake buƙata ba. A 2006, ƙarƙashin shirin binciken damina na AMMA, an farfaɗo da tashoshin balan-balan da dama a Afirka ta Yamma, Yamai na cikin cibiyoyin aikin, kuma da masu binciken Faransa suka sa ƙarin awon a injinsu sun ga hasashe ya gyaru a yankin, gyaran ma ya kai har Turai bayan kwana biyu zuwa uku. Da shirin ya ƙare, tashoshi da yawa suka koma gidan jiya saboda tsadar balan-balan da na'urar da ke tafiya da shi, wadda ba a dawo da ita. Sai a 2021, a taron sauyin yanayi na Glasgow, Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa wani asusu na musamman, SOFF, don biyan kuɗin irin wannan awo a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, bisa sharaɗin su riƙa tura bayanan ga kowa.